Sanya wa tsohuwar Corolla kulle na rimot: kundin aiki daga Kaduna

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Motar tsohuwar Toyota Corolla ce 'yar Kwatano, mai ƙofa huɗu, gilashinta na hannu, kowace ƙofa kuma da hannu ake kulle ta. Ba ta zo da santaral lok ba, wato tsarin da ke kulle duka ƙofofi a lokaci ɗaya, kuma wannan ne ke yanke irin kayan da za a saya. Kayan rimot iri biyu ne a kasuwa, kwalayensu kusan ɗaya. Na farko akwatin sarrafawa ne kawai da rimot biyu, an yi shi don motar da ke da santaral lok tun daga kamfani. Na biyu yana haɗe da ƙananan injinan ƙofa huɗu masu turawa da jan makulli, sandunan ƙarfe, ƙarafan ɗauri da doguwar waya. Na biyun ake bukata a nan. Wanda ya ɗora na farko a kan mota irin wannan zai ji rile, ɗan makunnin da wuta ke motsawa, na ƙas-ƙas a cikin akwati, ƙofa kuwa ko gezau.

Kafin fita kasuwa na cire fanel ɗin ƙofar direba, wato murfinta na ciki, don ganin abin da ke motsa makullin. Sukuru ɗaya a bayan hannun buɗewa, ɗaya a ramin da ake riƙewa a ja ƙofa, sauran kilif ne na roba a gefe-gefe. Hannun ɗaga gilashi wani ɗan siririn kilif ne ke riƙe shi ta baya. A zura tsumma tsakanin hannun da fanel, a ja shi hagu da dama, kilif ɗin zai fito da kansa. A tare da tafin hannu, don yana tsalle, in ya faɗa cikin yashi an rabu ke nan.

Sandar ƙarfe ce ke motsa makullin, alhamdu lillahi. Motoci da dama da suka zo daga baya kebul ne a ciki, irin na birkin keke, kuma maƙalin da ke zuwa cikin kwali, mai haɗa sandar inji da ta makulli, ba ya kama kebul. Duk mai shirin wannan aiki ya buɗe ƙofa ya gani tukuna.

Litinin, 14 ga Afrilu

Sayayya, tsakanin shagunan kayan gyara na Oriakpata da Panteka:

Cikakken kit mai inji huɗu da rimot biyu, naira 29,000. Waya mai kaurin milimita 1.5, yadi 12, naira 6,000. Gidan fiyus da fiyus mai am 15 guda uku, naira 1,500. Robar maƙogwaro, wadda waya ke bi ta cikinta daga jikin mota zuwa ƙofa, guda biyu da aka ciro daga ƙofar motar da aka yanka, naira 3,000. Kilif ɗin fanel guda 20, naira 2,000. Baƙin tef, dalma, robar da ke tsukewa da zafi da robar ɗauri, naira 4,500. Jimilla naira 46,000.

Waya ita ce abin lura. Akwai wadda ake sayarwa a matsayin jan ƙarfe alhali alminiyam ce aka shafa wa ja. A kankare zare ɗaya da reza: in ciki ya fito fari, a ajiye ta. Ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe na gaske, ba ta son dalma, kuma a bakin ƙofa inda ake lanƙwasa ta kullum ba ta daɗewa take karyewa a cikin bawonta, a waje kuwa ba a ganin komai.

Laraba, 16 ga Afrilu

Gwaji a kan tabarma, kafin a huda ko da rami ɗaya a jikin mota. Na haɗa komai da batir a ƙasa: jar waya a fozitif ta cikin fiyus, baƙa a nagetif, injina huɗu a bakinsu. Duka suna fita suna komawa tare, rimot biyun na aiki.

Uku daga cikin injinan waya biyu gare su, shuɗiya da koriya. Na huɗun, wanda ake kira masta, waya biyar: shuɗiya da koriya na moto, sai baƙa, fara da mai ruwan ƙasa na wani ɗan makunni da ke cikinsa. Shi ne na ƙofar direba. In aka murɗa mabuɗi a ƙofar, sanda ta ja masta, makunnin ya gaya wa akwati, sauran ƙofofi uku su bi.

Yadda akwatin ke tura wuta yana da muhimmanci, don zai yi amfani ranar neman matsala. In ba a taɓa komai ba, shuɗiya da koriya duka a nagetif suke zaune. In aka danna kulle, ɗaya ta koma volt 12 na kamar rabin daƙiƙa. In aka danna buɗe, ɗayar ce ke komawa. Juya wutar ne ke juya moton.

A cikin akwatin akwai ɗan maɓalli da ke zaɓar tsawon wutar, rabin daƙiƙa ko kusan daƙiƙa huɗu. Mai tsawon na motocin da famfon iska ke kulle ƙofofinsu ne, kamar Golf 3 da tsofaffin Marsandi. In aka bar shi a can aka haɗa injin lantarki, moto zai kai ƙarshen tafiyarsa ya ci gaba da shan wuta har ya gasu. Na tabbatar yana kan gajeren.

Takardar cikin kwali ta ce wayar sigina biyu ce. A zahiri ɗaya ce, mai ruwan lemo, da fiyus ɗinta mai am 10. Wannan sai an zo kansa. Launin da ke takarda ba abin rantsuwa ba ne, mitar awon wuta ce ke faɗin gaskiya.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ƙofar direba. Na cire kan batir na nagetif, na jira sama da daƙiƙa 90 kamar yadda Toyota ke umarta saboda jakar iska. Duk wayar da aka naɗe da rawaya a ƙarƙashin sitiyari ta jakar iska ce, ba a soka mata tasta, abin gwajin wuta mai tsini, ba a yanka ta, ba a ɗaura komai a jikinta.

Bayan fanel akwai leda da aka manna da baƙin gam. A ɓanɓare ta a hankali daga sama, rabi kawai, kada a yage. Da zafin Afrilu gam ɗin ya yi laushi, yana sakin ledar ba gardama, sai dai yana bin hannu da riga.

Aikin gaba ɗaya a nan yake, wurin zaunar da inji. Sharuɗɗa uku ne, kuma sai sun cika tare. Injin ya kwanta a layi ɗaya da sandar makulli, yana turawa ta inda take tafiya. Kada ya shiga hanyar gilashi. Kada ya taɓa sandar hannun buɗewa. Wurin da ido ya fara zaɓa, a ƙasan makulli ta ciki, ya cika na farko da na uku, amma da aka sauke gilashi har ƙasa sai gefensa ya zauna daidai kan wuyan injin. Shi ya sa ake riƙe inji da hannu a waina gilashi sama da ƙasa kafin a taɓa injin huda. Na matsar da shi wajen santimita 4 zuwa bakin ƙofa, a kan ƙarfen ɗauri mai ramuka da ke cikin kwali, na lanƙwasa sabuwar sandar sau biyu da filaya don ta koma layi.

Tafiyar injin kusan milimita 20 ce, ta sandar makulli ba ta kai haka ba. Don haka ana sa sandar makulli a tsakiyar tafiyarta, a sa injin a tsakiyar tasa, sannan a ɗaure maƙali. In aka ɗaure shi injin na can ƙarshe, zai kulle amma ba zai buɗe sosai ba, ko akasin haka.

A gwajin farko ƙofar ta kulle ta sake buɗe kanta nan take, ta kulle, ta buɗe. Dalili: a wurin da ya samu, injin kansa na kallon ƙasa ne, don haka fitarsa ce kullewa maimakon buɗewa. Musanya shuɗiya da koriya ya gyara moto, amma makunnin cikin masta yana ci gaba da ba akwati labari a juye. Akwati ya kulle, makunni ya ce masa an buɗe da mabuɗi, sai ya bi. A masta, in aka musanya shuɗiya da koriya dole a musanya fara da mai ruwan ƙasa. Da aka yi haka ya natsu.

Wayoyin biyar sun bi ta robar maƙogwaron da wayar sifika ke bi. Na ɗaura su a jikin wata waya mai tauri, na shafa ɗan ruwan sabulu, na ja. Kada a shafa man inji, yana cin roba.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ƙofar gaba ta dama. Irin na jiya, ba masta, ba gardama. Awa ɗaya da 'yan mintuna.

Litinin, 21 ga Afrilu

Hutun Ista, aka samu yini guda na ƙofofin baya. Su ba su da waya ko ɗaya tun asali, don haka babu maƙogwaro, babu rami. Sai an huda ginshiƙin tsakiya da bakin ƙofa.

A gindin ginshiƙin nan ne abin naɗe bel ɗin kujerar gaba yake zaune. A cire murfin robar ginshiƙi a ga inda yake, a sa ɗan katako a bayansa, a naɗa tef a bakin abin huda don kada ya zarce fiye da santimita 1. Ramukan biyu kada su kalli juna daidai. A bar na ƙofa ya yi ƙasa da na ginshiƙi da kamar santimita 3 zuwa 4, ta yadda in an rufe ƙofa robar za ta kwanta a karkace ta murɗe, maimakon ta naɗe gida biyu ƙarfe ya danne ta. Ƙaramin rami ake fara yi, sannan a buɗa shi daidai bakin robar. A goge kaifin da fayil, a shafa fenti ko da na farce ne. Ƙarfen da aka huda aka bari tsirara, damina ɗaya ta ishe shi tsatsa.

Sandar makullin baya a kwance take, ba a tsaye ba, kuma wurin ya fi matsi. Na baya ta hagu ta yi tauri ƙwarai ko da hannu: tsohon giris ya haɗu da ƙurar hunturu ta shekaru ya zama kamar ƙasa. Inji ba ya gyara makulli mai tauri, shi ne ma zai mutu. Na wanke da feshin sassauta tsatsa, na yi ta motsa shi har ya saki, na sa sabon farin giris kaɗan. Feshi da giris, naira 3,500. Ma'aunin shi ne yatsa ɗaya ya iya kullewa ya buɗe ba tare da an yi nishi ba.

Wayoyin sun bi ƙarƙashin robar dokin ƙofa zuwa gaba, a gefen wayoyin kamfani, an ɗaure duk bayan taƙi guda. Ta baya ta dama ba ta kai ba, na ƙara mata yadi ɗaya da rabi. An ɗauke wuta a lokacin, ƙarfen dalma bai yi zafi ba, don haka murɗawa aka yi aka naɗe da tef na wucin gadi. Na rubuta a nan don kada a manta.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Da wuta ta dawo aka yi wa haɗin nan dalma, aka rufe da robar tsukewa. Tef kaɗai ba ya riƙe alkawari a cikin motar da ke yini a rana: gam ɗinsa na narkewa, ya zame, ya bar waya a buɗe.

Asabar, 26 ga Afrilu

Wutar akwati. Kai tsaye daga kan batir na ɗauko, don kada a taɓa wayoyin makunnin mota. Gidan fiyus yana nan kusa da batir, bai kai taƙi biyu ba. Fiyus waya yake karewa, ba akwati ba. In aka kai shi can cikin mota, duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da shi ba ta da mai tsaro, ranar da ta goge a jikin ƙarfe kuwa hayaƙi ne. Ta shiga ciki ta zoben robar da babbar wayar kamfani ke bi a bangon da ya raba inji da ɗaki, nesa da bakin salansa da sandar sitiyari.

Nagetif a wani noti mai lamba 10 da ke gefen ƙafar direba. An kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, an sa zobe a bakin waya. Mita ta nuna ƙasa da rabin om tsakaninsa da kan batir.

Akwatin kansa an ɗaure shi da robar ɗauri can sama a bayan dashbod, bakin wayoyi na kallon ƙasa, nesa da feda, nesa da bututun da ruwan AC ke bi.

Duka ƙofofi huɗu na kulle da buɗewa, da rimot da mabuɗi. Ban mayar da fanel ba tukuna. A bar su a buɗe kwana biyu ana hawa, abin da zai saki ya saki ana gani.

Talata, 29 ga Afrilu

Fiyus ya ƙone. Na sa wani, ya zauna lafiya har aka danna buɗe, ya sake tafiya. Danna kulle ba ya ƙona shi. Wannan kaɗai ya nuna inda za a duba: wayar da ke ɗaukar wuta lokacin buɗewa tana taɓa jikin mota a wani wuri. A sauran lokaci tana zaune a nagetif, taɓa ƙarfe ba ya mata komai, shi ya sa matsalar ke ɓoyewa.

Akwai masu cewa a sa fiyus mai am 30 a huta, wasu ma siririyar waya suke naɗawa a gurbinsa. Haka ake ƙona mota.

Hanyar nema: a zare fulogin akwati tukuna. In ba a zare ba mita za ta yi ƙara a kan duka wayoyi biyun, tunda rile ya haɗa su da nagetif, mutum ya ɗauka ko'ina a lalace yake. Bayan an zare, a raba ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, a sa mita tsakanin waya da jikin mota. A tuna moton kansa 'yan om kaɗan ne tsakanin shuɗiya da koriya, don haka in ɗaya ta taɓa ƙarfe, ɗayar ma za ta nuna kamar ta taɓa. Wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai laifin.

Ƙofofi uku tsaf. Ta baya ta hagu ma tsaf, muddin tana buɗe. Da aka tura ta ta kusa rufuwa mita ta yi kuka. Bakin robar maƙogwaro ya zame daga ramin ƙofa, koriyar waya ta kwanta a kan ƙarfe, rufewa da buɗewa suka yanke bawonta. Robar ta wata mota ce, wuyanta ya ɗan fi ramin ƙanƙanta. Na yanke wurin da ya ji rauni, na sa sabuwar waya tun daga cikin ginshiƙi har cikin ƙofa don kada haɗi ya faɗo a inda ake lanƙwasawa, na zura ta cikin ɗan siririn tiyo kafin ta shiga maƙogwaro, na manne wuyan robar da gam. Na bar wa wayar sarari kamar yatsa uku a kowane gefe. Waya a miƙe tsam a bakin ƙofa ba ta shekara.

An yi wa ta dama irin wannan tun kafin ta nema.

Alhamis, 1 ga Mayu

Sigina. Amfaninta ba ado ba ne, ita ce ke nuna daga nesa cewa umarni ya isa.

Wayoyin sigina na hagu da dama suna fulogin da ke ƙarƙashin sitiyari. A Toyota da yawa na wancan zamani kore mai ratsin baƙi ne hagu, kore mai ratsin rawaya dama, amma a tabbatar: a kunna siginar hagu, wayar da mita ke hawa tana sauka a kanta ita ce.

Tunda akwatin waya ɗaya ya bayar, ba a haɗa ta kai tsaye da duka biyun. Yin haka ya ɗinke hagu da dama ke nan har abada, duk siginar da direba ya bayar fitilu huɗu za su kama, na bayansa a shataletale bai san ina ya nufa ba. Dayod, ɗan abin da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai, guda biyu ake sawa, kowane ɓangare ɗaya, bakin da ke da zoben azurfa na kallon fitilun mota. Girmansu ma abin lissafi ne. Ƙwai biyu masu wat 21 a kowane gefe sun kai wajen am 3 da rabi. Ƙaramin dayod 1N4007 da ke cike a shagunan masu gyaran rediyo am 1 kawai yake ɗauka, zai yi zafi ya mutu. Na sa 6A10 mai am 6, biyu naira 600. Hasken ya ɗan ragu kaɗan saboda dayod na cin kusan volt ɗaya, ba abin damuwa ba ne.

Ƙiftawa ɗaya in an kulle, biyu in an buɗe. Wayar oda na naɗe ta na ajiye. Mai dawowa gida da dare ba ya bukatar ya tashi unguwa.

Asabar, 3 ga Mayu

An mayar da leda da fanel huɗu. Kilif tara sun karye wajen cirewa, tsufa ne, an sa sababbi. Ramukan zubar ruwa da ke gindin kowace ƙofa an zoƙale su da tsinke, biyu a toshe suke da laka.

Awon wutar da akwati ke sha in mota na kashe. Mita a layin am 10, tsakanin kan batir na nagetif da wayarsa, ƙofofi a rufe, fitilar ciki a kashe. Ba akwati miliam 12, da akwati miliam 21. Kada a danna rimot mita na kan ƙaramin layi na miliam 200, injinan za su ja am da yawa a lokaci ɗaya fiyus ɗin cikin mitar ya tafi. Miliam 21 a awa 24 kusan rabin am-awa ne a yini. Batirin mai am-awa 45 ne, don haka ajiye mota mako biyu ba zai hana ta tashi ba in batirin lafiyayye ne. Abin da ya haura miliam 50 a tsohuwar mota irin wannan shi ne abin bincike. Batir a huce volt 12.6, in injin mota na aiki 14.1.

Laraba, 7 ga Mayu

Nisan rimot bai gamsar ba, taku takwas zuwa goma, ta bayan mota ma bai kai ba. Eriyar akwatin wata gajeriyar baƙar waya ce da ba a haɗa ta da komai. Tana nan a naɗe yadda ta fito daga kwali, kwance a jikin ƙarfen dashbod. Rimot ɗin a kan megahaz 433.92 yake aiki, kuma tsawon wayar, wajen santimita 17, an auna shi ne daidai da wannan. Ba a yanke ta, ba a ƙara mata, ba a haɗa ta da jikin mota. Na miƙe ta, na manna a bayan robar saman dashbod ta wajen gilashi. A fili yanzu ya wuce taku talatin.

Wani abu da ya fito a gwajin: in cajar waya mai arha tana soke kuma tana da wuta, nisan na raguwa sosai. Irin waɗannan caja da wasu ƙwayayen LED suna fitar da hayaniyar da ke toshe kunnen akwati. A motar da soket ɗinta ke mutuwa da an zare mabuɗi ba a cika lura ba.

Rimot na biyu ya fi rauni, batirinsa ya kwana a kwali. Ƙaramin nan ne mai volt 12, lamba 27A. Biyu naira 1,000. Wanda ke da rimot ɗin motar Amurka a ajiye kada ya wahalar da kansa, yawancinsu a kan 315 suke, akwatin nan ba zai ji su ba.

Asabar, 10 ga Mayu

An yi ruwa mai ƙarfi daren jiya, gwajin da ake jira. Ƙofofi uku a bushe. Fanel ɗin gaba na dama ya jiƙe ta ƙasa. Ruwa dama yana shiga cikin kowace ƙofa ta gefen gilashi, aikin ledar ne ta mayar da shi ciki ya fita ta ramukan gindi. A nan gam ɗin ƙasa bai kama ba saboda ƙura ta hau shi lokacin da ƙofar ke buɗe. Sabuwar leda mai kauri da gam, naira 1,500. An yanka ta yadda gindinta zai faɗa cikin ramin ƙofa, ba ya rataya a waje ba. Fanel ɗin kwali ne aka matse, an shanya shi a inuwa da nauyi a kai don kada ya kumbura ya lanƙwashe. Yanzu aka fara, ruwan Agusta na tafe.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ƙofar baya ta dama ta daina kullewa, sai gurnani. Da aka buɗe, ƙarfen ɗauri mai ramuka ya lanƙwashe, injin ya karkace daga layin sanda, yana turawa a gicciye, har haƙoran robar cikinsa suka cinye. Ƙarfen da ke zuwa cikin kwali siriri ne, kuma a wannan ƙofa tazarar da ya haye ta fi ta sauran tsawo. Bugun inji da girgizar hanyoyin cikin unguwa bayan ruwa suka ƙarasa shi.

Sabon inji mai waya biyu, naira 5,000. A Panteka aka yanko min falle na ƙarfe mai kaurin milimita 2, aka huda, mai aikin ya ce in bar kuɗin. An ɗaure da noti da wasa mai tsini a madadin sukurun da ke cin ƙarfe, su ne ke sassautawa. Sukurorin maƙalin sanda kuma an ɗiga musu fentin farce.

Wannan ya sa dole a faɗi abu ɗaya game da sigina: ƙiftawarta na nufin akwati ya ji, ba ta nufin ƙofa ta kulle. Kwana nawa ƙofar nan ta yi a buɗe fitilu na ƙiftawa lafiya lau, Allah ne masani. Ga kuma ɓarayin da ke amfani da na'urar toshe siginar rimot a wuraren ajiye motoci, mai mota ya danna ya wuce, ƙofa ba ta kulle ba. A kasuwa ko masallacin Juma'a, a danna, a ji ƙarar, a ja hannun ƙofa.

Rimot ɗin kansa mai lamba ɗaya ne da ba ta canzawa, irin wanda ake iya kwafa a wani rimot. Masu tsada suna sauya lamba a duk dannawa. Don haka wannan kayan sauƙi ne, ba kayan tsaro ba, kuma makullin sitiyari na nan a bakin aikinsa. In rimot ɗaya ya ɓata, akwai maɓallin koyarwa a cikin akwati: a goge duka, a sake koya masa wanda ya rage.

Kuɗi zuwa yau, naira 57,600.

Asabar, 17 ga Mayu

An sauya wa sauran ƙofofi uku ƙarfen ɗauri da irin mai kaurin. An gwada cewa kowace ƙofa na buɗuwa da hannu daga ciki ko da an cire fiyus, kuma makullin yara na baya na aiki. Ramin mabuɗi na ƙofar direba an busa masa garin bakin fensir. Ramin da aka daina amfani da shi yana daskarewa, kuma ranar da batir ya mutu shi kaɗai ne hanyar shiga. Mai ba ya dacewa a nan, ƙura yake tarawa.

Akwatin yana da tsarin sake kulle kansa in an buɗe ba a shiga ba. Tunda ba a haɗa shi da makunnin fitilar ƙofa ba, ba shi da hanyar sanin an buɗe, zai iya kulle mabuɗi a ciki. An kashe tsarin.

Saura but. Maɓalli na uku a rimot yana ba da nagetif mai rauni, wanda bai wuce ya ja rile ba. Abin da za a saya: abin jan makullin but na lantarki, rile mai ƙafa huɗu na am 30, fiyus mai am 15 na daban, waya yadi 6. Ƙafa 85 zuwa wayar akwati, 86 da 30 zuwa fozitif ta bayan fiyus, 87 zuwa abin ja. Wutar ƙafa 86 za a fi so ta mutu in injin mota na aiki, don kada but ya buɗe a kan titi in an zauna a kan rimot, kuma wannan na bukatar rile na biyu mai ƙafa biyar. Za a auna wurin zama a cikin murfin but tukuna kafin a sayi komai.